Yaya ake ƙiyasin kuɗin sauya akwatin rarraba wuta a tsohon gida ba tare da an cuci kowa ba?

Matashi Mai Wayarin, Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekara uku ke nan da maigidana ya yaye ni, kuma yawancin aikin da nake samu wayarin sababbin gidaje ne, inda ake ƙirga yawan soket da makunni da ƙwan fitila a yi ciniki a kansu, shi ya sa faɗin kuɗi bai taɓa ba ni wahala ba. Aikin tsohon gida ne ya gagare ni.

Bara na karɓi aikin sauya akwatin rarraba wuta a wani gida, na dubi akwatin daga waje, na lissafa kuɗin sabo da na birekoki, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu idan lodi ya yi yawa, da ladan kwana biyu, muka daidaita da mai gidan. Da na cire tsohon akwatin sai na tarar wayoyin sun yi gajarta, robar wasu tana marmashewa a hannu, kuma babu wayar atin, wato wadda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, ko ɗaya a gidan. Aikin kwana biyu ya koma na kwana shida, na sayi waya da kuɗina, kuma nauyin mutumin ya hana ni neman ƙari bayan na riga na faɗi farashi da bakina.

Yanzu ga irinsa ya sake zuwa. Gida ne mai ɗakuna huɗu da falo, ginin shekarun 1980, fes ɗaya ne ke shiga, wato layin wuta ɗaya daga falwaya, akwatin kuma na fis ɗin tangaran ne guda 6, biyu daga ciki an ɗaure su da waya mai kauri tun da suka dame su da tsinkewa. Hajiyar da ke da gidan tana da na'urar sanyaya ɗaki guda 3 masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, da hitar ruwa 2, da famfon bohol, da firji da firiza, da janareta, kuma 'ya'yanta suna shirin sa mata inbata da sola. Ta ce in kawo mata kuɗin a rubuce. Daga ina zan fara, yaya zan sa wa abin da ke cikin bango farashi alhali ban gan shi ba, kuma shin in ba ta shawarar komawa fes uku? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Mai Wayarin, Zariya

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ka tambaya kafin ka rubuta komai, domin asarar da ka yi bara ba a wajen aiki ta same ka ba, tun ranar da ka faɗi kuɗi kana tsaye a gaban rufaffen akwati ta tabbata. Akwatin da birekokinsa su ne mafi sauƙin lissafi a wannan aiki, kowa zai iya zuwa kasuwa ya tambayo farashinsu. Kuɗin yana cikin abin da ya shigo akwatin da abin da ya fita daga cikinsa.

Saboda haka ka koma gidan ka ware rabin yini na dubawa kawai, kuma ka gaya wa Hajiya cewa wannan dubawar aiki ce mai lada, wanda za ka cire daga jimilla idan ta ba ka aikin. Ka kashe wutar gidan, ka buɗe murfin akwatin, ka ƙirga wayoyin da ke shiga kowane fis, domin a tsohon gida za ka tarar da fis ɗaya yana ɗauke da layi uku ko huɗu da aka riƙa cusawa shekara bayan shekara. Akwati mai fis 6 yana iya zama gida mai layi 12. Ka kwance soket biyu ko uku a ɗakuna daban-daban, musamman na kicin da na bayan firiza, ka ga kaurin wayar da kuma ko akwai ta atin a ciki. Ka hau silin da tocila. A can ne ake samun haɗin da aka naɗe da leda, da inda ɓera ya ci roba, da layin na'urar sanyaya ɗaki da wani ya jawo daga wayar fitila don gudun sayen kebul. Sannan ka bi wayar da ta taso daga falwaya zuwa mita, da wadda ta taso daga mita zuwa akwati, ka ga kaurinsu da ko sun yi baƙi a bakin haɗi.

Bayan nan sai lissafin lodi, kuma kada ka yi shi da ka, ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowace na'ura. Bari in kwatanta maka da abin da ka lissafo. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana cin wajen wat 1,200, uku sun zama 3,600. Idan hitocin na wat 1,500 ne, biyu sun zama 3,000. Ka ba famfon bohol 1,100, dutsen guga 1,200, firji da firiza 500, fankoki da fitilu da talabijin 1,000. Jimilla wat 10,400 ke nan, wanda idan ka raba da bolt 230 zai ba ka amfiya 45 da ɗan ɗoriya, kuma wannan idan an kunna komai lokaci guda ne, abin da ba kasafai yake faruwa ba, tun da watannin da ake neman ruwan zafi ba su ne watannin da ake neman sanyi ba. Layin fes ɗaya mai amfiya 60 yana ɗaukar wat 13,800. A ganina gidan nan ba ya bukatar fes uku, kuma ba na son a ɗora wa dattijuwa kuɗin da babu dalilinsa.

Abin da yake bukata shi ne kowace babbar na'ura ta samu layinta da birekarta. Fitilu a kan waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da bireka mai amfiya 6 ko 10, soket a kan 2.5 da bireka mai 20, kowace na'urar sanyaya ɗaki da kowace hita da famfo a kan layinsu na kansu, ni kuma na fi son in ja musu 4 idan tazarar tana da tsawo. Daga mita zuwa akwati kada ka sauka ƙasa da 16. Ka riƙe a ranka cewa bireka waya take karewa, ba na'ura ba, don haka wanda ya sa bireka mai amfiya 32 a kan waya mai 1.5 ya maimaita laifin wanda ya ɗaure fis da waya mai kauri ne, sai dai nasa ya fi kyan gani. Idan ka ƙirga layukan, ka sayi akwatin da zai bar maka gurbi uku ko huɗu babu komai, domin gida ba ya rage kayan wuta, ƙarawa yake yi.

Kowane sabon layi ka auna shi da tef ta hanyar da wayar za ta bi, hawa bango da ratsa silin da saukowa, ba tazarar da ido ke gani daga ƙofa zuwa ƙofa ba, sannan ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda lanƙwasa da yanke-yanke. Ka tuna cewa kowane layi waya uku ne. Ka tambayi Hajiya ko a cikin bango take son a binne su ko a bi ta saman bango da murfi, domin idan binnewa ce akwai fayif da fasa bango da siminti da magini da mai fenti, kuma rigimar da na fi gani a rayuwata tsakanin mai wayarin da mai gida a kan wanda zai biya gyaran bangon da aka fasa ce.

Game da abin da ba ka gani ba, ka raba takardarka gida biyu. Kashi na farko shi ne aikin da ka tabbatar, da farashinsa tsayayye. Kashi na biyu ka rubuta cewa idan an buɗe aka tarar da layin da ya lalace, sauya shi zai ci kaza a kan kowace mita ta tsawo, kuma ba za ka taɓa shi ba sai ka nuna mata ta amince. Da haka ba ka faɗi abin da ba ka sani ba, ita kuma ba za ta ji kamar ka yi mata kwanton ɓauna ba. Ladanka kuwa kada ka yi shi da ƙirgen soket kamar na sabon gini. Ka ƙiyasta kwanakin aiki, ka ninka da abin da kai da yaronka kuke bukata a yini, ka sa kuɗin mota da ɗauko kaya, sannan ka ƙara yini ɗaya na gwaji, wanda yakan ja saboda sai an kawo wuta ake kammala shi.

Mai Shagon Kayan Wuta, Sabon Gari

Malam, Baba ya gama magana a kan aikin, ni zan taɓa ɓangaren kasuwa ne kawai. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kebul da bireka ba ya zama wuri ɗaya, domin jan ƙarfen da ake yin waya da shi da dala ake cinikinsa ko da a nan gida aka sarrafa shi. Ka rubuta kwanan wata a takardarka, ka kuma rubuta cewa farashin kaya na mako ɗaya ne ko biyu, bayan nan sai an sake tambaya. Ranar da aka ba ka kafin alƙalami, a ranar ka sayi kayan gaba ɗaya, kada kuɗin ya kwana a hannunka.

Na biyu, ka rubuta sunan kamfanin kowane kaya a gaban farashinsa. Idan ka rubuta waya mai 2.5 kawai, wani zai kawo wa Hajiya takarda mai rabin kuɗinka, ita kuma ba ta da hanyar sanin cewa tasa wayar alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe, ko kuma naɗin bai cika tsawon da aka rubuta a jikinsa ba. Amma idan ka rubuta Coleman ko Cutix ko Nigerchin, ka rubuta Schneider ko ABB ko Hager a gaban birekoki, to duk mai son ya karya farashinka dole ya kawo irin kayan. Su ma waɗannan sunaye ana buga jabunsu, don haka ka saya a wurin da za a ba ka rasit, ka duba alamar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a jikin naɗin, ka kankare bakin wayar da wuƙa ka ga ko ja ce har ciki, ka kuma ɗaga naɗin ka ji nauyinsa. Hannun da ya saba yana gane na jabu tun kafin a kwance leda.

Ƙananan kaya su ne ke cinye ribar masu aiki: kan waya da ake matsewa, tef, kusoshi, sandar jan ƙarfe da ke haɗa birekoki, takardar liƙa sunan kowane layi. Kullum sai an dawo shago sau biyu ko uku saboda su, kuma ba a taɓa sa su a lissafi. Ka ba su layinsu a takarda. Idan kuma kana da rajistar kamfani kana karɓar harajin kayan masarufi, shi kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020, ka nuna shi daban don kada a ɗauka ƙari ka yi.

Injiniya, Kaduna

Ƙanena, ina tare da Baba a kusan duk abin da ya faɗa, sai dai ina neman izininsa in ƙara abu uku da ke sauya jimillar kuɗi sosai, sannan in ɗan saɓa masa a maganar fes uku.

Na farko shi ne iyakar aikinka. Mita da abin da ke gabanta zuwa falwaya hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wanda a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, a nan wajenmu kuma Kaduna Electric. Ba ka da ikon cire hatimin mita ko matsar da ita ko ƙara fes da kanka, kuma yin haka yana iya jawo wa mai gida tara. Idan aikin zai bukaci a yanke wuta daga falwaya, ko a sauya mita, mai gida ce za ta nema a ofishinsu, kai kuma ka rubuta a takardarka cewa wannan kuɗin ba ya cikin naka. Ka duba fuskar mitar, za ka ga iyakar amfiyar da take ɗauka a rubuce, kuma babbar birekarka kada ta wuce wannan adadi. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke da alhakin duba ingancin aikin wuta da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Idan ba ka da ita, ka nema, ka kuma sa kuɗin wanda zai duba ya sa hannu a cikin ƙiyasinka kafin ka samu taka.

Na biyu shi ne atin da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara, wadda muke kira RCD. Mai miliamfiya 30 ita ce ke kare ran mutum, kuma gidan da ke da hitar ruwa a banɗaki da famfo a cikin rijiya bai kamata a ce babu ita ba. Amma tsohon wayarin ba ya shiri da ita: idan akwai inda wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta taɓa ƙarfe, ko inda aka ari nutural ɗin wani layi aka yi amfani da shi a wani, za ta riƙa faɗuwa ba dare ba rana, daga ƙarshe a kira wani ya cire ta ya haɗa kai tsaye. Maganin wannan shi ne a gwada kowane layi da mega, na'urar auna lafiyar robar waya, a kan bolt 500 tun ranar dubawa, kafin a faɗi kuɗi. Layin da ya kasa kai megohm 1 ba shi da lafiya, kuma ka ga ke nan wani ɓangare na abin da ke cikin bango ya fito fili ba tare da an fasa komai ba. Idan ba ka da na'urar, ka yi hayarta ka sa a lissafi. Ina kuma ba da shawarar a raba gidan a kan RCD biyu aƙalla, don kada matsalar hita ta jefa gida duka cikin duhu.

Sandar atin kuwa, ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙwarai daga hunturu zuwa bazara, sandar da ta ba da sakamako mai kyau a watan Agusta tana iya zama kamar babu ita a watan Maris. Ƙa'idar Ingila da muka gada tana ɗaukar abin da ya haura ohm 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi, kuma ya kamata a nemi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ka sa farashin sanda ɗaya a kashin farko na takardarka, ka sa na ƙarin sanda a kashi na biyu. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna saukar da awo da farko, amma gishirin yana cin sandar a hankali.

Na uku, tun da inbata na tafe, a raba layukan tun yanzu. Fitilu da fankoki da firji da wasu soket su koma ƙaramin akwati na daban wanda inbata za ta riƙa ciyarwa, hita da famfo da na'urorin sanyaya ɗaki su tsaya a babba. Cenjoba kuma, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar kamfani da ta janareta, ta kasance mai yanke waya mai wuta da nutural tare, don kada wutar janareta ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya. Yin wannan yau ƙarin akwati ɗaya ne da 'yan mitocin waya, barinsa sai an kawo sola kuwa sake kwance aikin ne gaba ɗaya.

A kan fes uku, lissafin Baba daidai ne a kan bolt 230, amma a unguwar da taransfoma ta yi wa gidaje kaɗan, wuta takan sauka ƙasa da 200 da daddare, kuma injin na'urar sanyaya ɗaki da na famfo suna ƙara jan amfiya idan wuta ta yi rauni, ban da fizgar da suke yi lokacin tashi. Idan aka ƙara murhun lantarki ko na'ura ta huɗu, gurbin da ya rage ya ƙare. Ni da zan rubuta mata farashi biyu, na fes ɗaya da na fes uku, in bayyana bambancin, ita da 'ya'yanta su zaɓa.

Tsohon Mai Wayarin, Zariya

'Yata, na karɓi maganar farashi biyu, domin zaɓi haƙƙin mai gida ne. Abin da nake so a rubuta a ƙarƙashin na fes uku shi ne cikakken kuɗinsa: sabuwar mita, waya huɗu daga falwaya maimakon biyu, babban akwati, cenjoba mai ƙafa huɗu, da na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa. Wannan ta ƙarshe ba ado ba ce. Na shiga gidan da nutural ya tsinke a layin fes uku, wutar da ta kai kusan bolt 400 ta bi ta kan kayan da aka yi don 230, kuma a dare ɗaya talabijin da firji da duk cajar da ke jikin bango suka ƙone. Mutanenmu da yawa suna neman fes uku ne don su riƙa komawa wanda ke da wuta, ba don lodi ba, kuma idan wannan ce bukatar Hajiya, a sa mata makunnin zaɓen fes na ƙwarai, kada a bar yara suna zare fis da hannu a cikin duhu.

Matashi Mai Wayarin, Kano

Baba, Yaya Injiniya, da Alhaji mai shago, Allah Ya ƙara girma, Ya biya ku da aljanna. Jiya na koma gidan da mega da na yi haya, na yi kusan awa huɗu. Fis 6 ɗin nan layi 11 ne a cikinsu. Na'urori biyu na sanyaya ɗaki a kan wayar soket ɗaya suke, hitar banɗakin Hajiya kuma babu atin a jikinta ko kaɗan, na kuma roƙe ta da a daina kunna ta har a gama aikin, ta amince. Layi 9 sun ci gwajin mega, na kicin da na fitilun tsakar gida sun faɗi, don haka na mayar da su kashin farko na takarda tun da yanzu na san halinsu. Wayar da ta taso daga mita mai milimita 10 ce, kuma ta yi baƙi a bakin haɗi, ita ma na sa sauyinta.

Na auna wutar da ƙarfe tara na dare na samu bolt 205. Na rubuta farashi biyu kamar yadda aka ce, na sa ƙaramin akwatin inbata a cikin kowanne, na rubuta cewa gyaran bango da fenti suna cikin kuɗina amma abin da ya shafi mita ba ya ciki. Babban ɗanta ya karanta takardar ya tambaye ni dalilin da ya sa ta fi ta wani mai aikin da suka kira tsada, sai na ɗauke shi muka hau silin na nuna masa haɗin da aka naɗe da ledar burodi a saman ɗakin mahaifiyarsa. Sun zaɓi fes ɗaya a yanzu, da sharaɗin in binne fayif mai faɗi daga mita zuwa akwati yadda waya huɗu za su iya wucewa nan gaba. Gobe da safe in Allah Ya yarda zan shiga Sabon Gari sayen kaya, ranar Asabar kuma mu fara da haƙa ramin atin.